Yadda Za Ka Karanta Alƙaluman Kasuwar Katin Girafik Kafin Ka Fitar Da Kuɗinka

Duk bayan wata uku kamfanin bincike na Jon Peddie Research da ke Amurka yana fitar da rahoto a kan yawan katunan girafik da suka shiga kasuwar duniya, wato katunan nan da ake soka wa kwamfutar tebur domin su ɗauki nauyin zana hoto da bidiyo da wasanni. A rahoton rubu'in farko na shekarar 2025, Nvidia ya tashi da kashi 92 cikin 100, AMD ya samu kashi 8, Intel kuwa bai kai ko kashi 1 ba. Wanda ya ga wannan adadi a kanun labari zai iya yanke hukunci nan take cewa gasa ta ƙare, kuma katin da ya dace da shi shi ne na wanda ya mamaye kasuwar. Sai dai adadin ba ya faɗin haka. Abin da yake nunawa shi ne yawan kayan da kowane kamfani ya tura cikin wata ukun, kuma yawan kayan da kamfani ke turawa ya fi dogara ga gurbin da ya samu a masana'anta da kuma inda ya ga riba ta fi tsoka, fiye da ingancin katin da za ka ɗora a kan teburinka. Wannan jagora zai nuna maka yadda za ka warware irin waɗannan alƙaluma, da yadda za ka yi amfani da su wajen zaɓen kati da lokacin sayensa.

Fara da tambayar abin da aka ƙirga

Matakin farko, kuma wanda mutane suka fi tsallakewa, shi ne ka gano ainihin abin da aka ƙirga kafin ka yarda da kowane kaso. Akwai aƙalla hanyoyi uku da ake auna wannan kasuwa, kuma kowacce tana ba da amsa daban.

Hanya ta farko ita ce ƙirga kayan da suka bar hannun masu ƙerawa zuwa hannun 'yan sari da dillalai, kuma ita ce hanyar rahoton da aka ambata a sama. Kayan da aka tura ba lalle ne an sayar da su ba, domin suna iya yin watanni a sito suna kwantai. Haka kuma, idan kamfani yana shirin fitar da sabon zubi, yakan rage tura tsohon kaya domin kantuna su ƙarar da abin da ke hannunsu, sai kason abokin gasarsa ya ɗaga a takarda a wannan rubu'in alhali bai sayar da ko kati ɗaya fiye da yadda ya saba ba. Saboda haka kada ka yi hukunci da rubu'i guda. Jera rahotanni huɗu ko shida a jere, ka kuma dubi jimillar katunan da aka tura tare da kason, domin kashi 10 na kasuwar da ta bunƙasa na iya fin kashi 15 na kasuwar da ta tsuke.

Hanya ta biyu ita ce ƙirga katunan da ke aiki a kwamfutocin mutane, kuma fitaccen ma'auni a nan shi ne binciken wata-wata na dandalin wasanni na Steam, mallakar kamfanin Valve. Wannan bincike yana tafiya a hankali, domin yana haɗa wanda ya sayi katinsa jiya da wanda ya saya shekara bakwai da suka wuce. Shi ya sa katin GTX 1060 na Nvidia, wanda ya fito a 2016, ya shafe shekaru a saman jadawalin har zuwa ƙarshen 2022. A wannan ma'auni Nvidia yakan tsaya wajen kashi uku cikin huɗu, ba kashi 92 ba. Ka lura kuma cewa ba kowa ake tambaya ba, sai wanda aka zaɓa ya kuma amince, sannan a 2018 Valve da kansa ya bayyana cewa an riƙa ƙirga kwamfutocin shagunan wasanni na intanet fiye da sau ɗaya, abin da ya karkatar da sakamakon na tsawon watanni kafin a gyara. Idan ka ga wani kati ya yi tsalle ba zato a wata guda, dubi jadawalin harsunan masu amfani na wannan watan. In harshen Sinanci shi ma ya yi tsalle, to samfurin mutanen da aka tambaya ne ya sauya, ba kasuwar ba.

Hanya ta uku ita ce alƙaluman kanti guda, kamar na Mindfactory da ke Jamus, waɗanda ake yawan yaɗawa a intanet kuma sukan nuna AMD da ƙarfi fiye da yadda yake a duniya. Gaskiya ne a wannan kantin, amma masu sayayya a can mutane ne da ke haɗa kwamfutarsu da hannunsu, su kuwa 'yan tsiraru ne idan aka gwada da masu sayen kwamfutar da aka riga aka haɗa daga kamfanoni irin su Dell da HP da Lenovo.

Akwai kuma abin da ba ya shiga waɗannan ƙidaye-ƙidaye gaba ɗaya. Idan aka haɗa da sashen zanen da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta tun daga masana'anta, irin wanda yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka na ofis ke amfani da shi, Intel ne ke kan gaba. Idan aka waiwayi na'urorin wasa, PlayStation 5 da Xbox Series X da Steam Deck duk ƙwaƙwalwar AMD ce a cikinsu, Nintendo Switch kuma ta Nvidia. Wannan yana da amfani gare ka kai tsaye: masu rubuta manyan wasanni ba za su iya yin watsi da fasahar AMD ba ko da kasonsa na katunan tebur ya ragu, tunda a kanta wasanninsu ke gudana a miliyoyin gidaje.

Bi sawun kayan zuwa masana'anta

A nan ne gizo ke saƙa. Nvidia ba shi da masana'antar ƙera ƙwaƙwalwar zane tasa, AMD ma ya rabu da tasa tun 2009 lokacin da aka ware ta ta zama GlobalFoundries. Dukansu biyu zane suke yi, su kai wa TSMC na Taiwan ya ƙera, har ma Intel, mai masana'antunsa na kansa, a TSMC yake ƙera ƙwaƙwalwar katunansa na Arc. Wato kamfanoni uku da ke fafatawa a gaban mai saye suna tsaye ne a layi ɗaya a bayan fage, kowa yana neman a ba shi kaso daga faifan silikon ɗin da masana'anta guda ke iya sarrafawa, kuma ana yin wannan ciniki ne watanni da yawa kafin katin ya fito. Nvidia ya taɓa kauce wa layin a zubin RTX 30 na 2020, inda ya kai aikin ga Samsung, sannan ya dawo TSMC a zubin RTX 40.

Yi wannan ɗan lissafi da kanka, domin yana fayyace abubuwa da yawa. Faifan silikon da ake yanka ƙwaƙwalwar daga jikinsa mai da'ira ne, faɗinsa milimita 300. Ƙwaƙwalwar RTX 5090 tana da girman kusan murabba'in milimita 750, don haka bayan an cire asarar gefe, abin da faifai guda zai bayar bai wuce guda 70 ba, kafin ma a ware masu aibi. Ɗan guntun da AMD ke sakawa a cikin Ryzen da EPYC, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta da yake sayarwa, kuwa bai wuce murabba'in milimita 70 da 'yan kai ba, faifai guda zai fitar da sama da 800. Ka sa kanka a kujerar wanda zai raba faifan da aka ware wa kamfaninsa: zai yanka shi ya zama katin wasa mai buƙatar allo da fanka da ma'adana, wato wurin da katin ke riƙe bayanan da yake aiki a kansu, ko zai mayar da shi ƙwaƙwalwar manyan kwamfutocin cibiyoyin bayanai da ake saya da tsada? A ganina wannan shi ne babban dalilin da ya sa AMD ba ya cika kasuwa da katuna ko a lokacin da katinsa ya samu karɓuwa, kuma shi ya sa kasonsa ba ya motsawa da sauri.

Nvidia ma yana da irin wannan zaɓi, nasa ma ya fi girma. A shekarar kuɗinsa ta 2025, wadda ta ƙare a watan Janairun 2025, ya samu kuɗin shiga dala biliyan 130.5. Daga ciki, dala biliyan 115.2 daga cibiyoyin bayanai suka fito, inda ake amfani da na'urorinsa wajen horar da ƙirƙirarriyar basira, ɓangaren wasanni kuwa dala biliyan 11.4 kawai ya kawo. Kamfanin da ya yi suna da katin wasa tun GeForce 256 na 1999 yanzu wasan bai kai kashi ɗaya cikin goma na cinikinsa ba. Idan kana son sanin ko katuna za su wadata a watanni masu zuwa, karanta rahoton kuɗi na rubu'i na Nvidia da na AMD, waɗanda suke wallafawa a fili a shafukansu, ka nemo abu biyu: yadda ɓangaren wasanni ya motsa, da abin da shugabannin suka ce game da ƙarancin kaya ko tarin kaya a sito. Kalaman da suke yi wa masu zuba jari sun fi na talla nauyi, domin doka tana binsu a kai. A 2022 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta ci Nvidia tarar dala miliyan 5.5 saboda bai bayyana yadda ya kamata ba irin rawar da masu haƙar kuɗin kirifto suka taka a cinikin katunansa na wasa.

Kada ka manta da ma'adanar katin. Kamfanoni uku ne suka riƙe wannan fanni, Samsung da SK Hynix da Micron, kuma su ne ke ƙera nau'in GDDR na katunan wasa da nau'in HBM mai tsada na na'urorin ƙirƙirarriyar basira. Duk lokacin da suka karkata masana'antunsu ga HBM, sauran nau'o'in sukan yi ƙamfa, farashinsu ya tashi, kuma katunan da ke ɗauke da ma'adana mai yawa a farashi mai sauƙi su ne suka fi jin jiki. Labarin tashin farashin ma'adana gargaɗi ne da ke riga tashin farashin kati zuwa.

Abin da ƙamfar baya ta koyar

Sau biyu cikin 'yan shekaru masu haƙar kirifto suka wawushe kasuwa. A 2017 zuwa farkon 2018 katunan matsakaicin farashi sun ɓace daga kantuna, da darajar kirifto ta faɗi sai kamfanoni suka wayi gari da kaya jibge a hannu, har Nvidia ya sanar a ƙarshen 2018 cewa kwantan zai ɗauki lokaci kafin ya ƙare. Karo na biyu ya fi muni. RTX 3080 ya fito a watan Satumban 2020 a kan dala 699, amma annobar korona ta tsare mutane a gida ta ƙara buƙata, ta kuma dagula sufurin kaya, haƙar kuɗin kirifto na Ethereum ta yi riba, masu sayen kaya da manhajar sayayya ta atomatik su sake sayarwa suka shigo, har farashin ya ninka a kasuwar bayan fage. A 2021 Nvidia ya fitar da katunan da aka rage musu ƙarfin haƙa, masu alamar LHR, amma abin bai lafa sosai ba sai da kirifto ya karye a 2022, sannan a ranar 15 ga Satumban shekarar Ethereum ya sauya tsari ya daina buƙatar katin girafik gaba ɗaya.

Darasin aiki a nan shi ne ka bambance ƙamfar da buƙata ta wucin gadi ta haifar da wadda tsarin masana'anta ya haifar. Ta farko takan ƙare da faɗuwar farashi da ambaliyar katunan hannu, don haka mai haƙuri yakan ci riba. Ta biyu, irin wadda buƙatar cibiyoyin bayanai ke jawowa, ba ta zuwa da wannan ambaliya, domin na'urorin da suka cinye faifan ba katunan wasa ba ne da za su dawo kasuwar hannu wata rana. Jira a irin wannan yanayi ba ya da tabbacin sakamako.

Farashin sanarwa da farashin kanti

Farashin da ake faɗa ranar ƙaddamarwa shawara ce, kuma yawancin katunan da za ka gani ba Nvidia ko AMD ne suka haɗa su ba. Abokan hulɗa ne ke sayen ƙwaƙwalwar su ɗora ta a kan allonsu da na'urar sanyayawarsu: Asus da Gigabyte suna yi wa ɓangarorin biyu, Zotac da Palit da PNY suna tare da Nvidia, Sapphire da PowerColor da XFX kuma suna tare da AMD. Ribarsu a kan kati mai farashin sanarwa ƙarama ce, don haka sukan fitar da kaɗan daga irinsa, su cika kantuna da mai ƙarin fanka da fitilu a farashi mafi tsada. EVGA, wanda ya daɗe yana cikin manyan abokan Nvidia a Amurka, ya fice daga sana'ar katin girafik ɗungurungum a watan Satumban 2022, yana kuka da yadda hulɗar take.

Ga yadda za ka yi. Ɗauki katuna biyu ko uku da kake tunani a kansu, ka rubuta farashin da ake sayar da mafi arhan kowannensu a yau, wanda yake akwai a kanti ba wanda aka rubuta ya ƙare ba, ka maimaita haka sau ɗaya a mako har wata guda. Sannan ka raba farashin da sakamakon gwajin da masu bita masu zaman kansu suka samu a wasanni ko manhajojin da kai kake amfani da su. Misali, RX 9070 XT na AMD ya fito a watan Maris na 2025 a kan dala 599 da ma'adana gigabait 16, RTX 5070 na Nvidia a kan dala 549 da gigabait 12, RTX 5070 Ti kuma a kan dala 749 da gigabait 16. A takarda kwatancen a bayyane yake, amma tazarar dala hamsin ko ɗari a farashin kanti tana iya juya shi ta kowace fuska, kuma ta juya shi sau da yawa a watannin da suka biyo baya. Makonnin farko na fitowar kati su ne mafi munin lokacin saye, sai dai in ka dace da farashin sanarwa a ranar farko.

Ka yi hattara kuma da suna. A 2022 Nvidia ya sanar da katuna biyu masu suna RTX 4080 alhali ƙwaƙwalwarsu ba ɗaya ba ce, da suka ta yi yawa ya janye mai gigabait 12 ɗin, ya dawo da shi a Janairun 2023 da sunan RTX 4070 Ti a kan dala 799. Lambar da ke jikin kwali ba ta isa shaida ba, dubi yawan ma'adana da sakamakon gwaji.

Inda kason kasuwa ya shafe ka da gaske

Duk da abin da aka faɗa, girman kaso yana da tasiri a wasu wurare, kuma rashin adalci ne a musanta. Idan aikinka ya shafi horar da ƙirƙirarriyar basira ko sarrafa zane mai fuska uku ko lissafin kimiyya, CUDA, tsarin da ke ba manhajoji damar yin lissafi da katin girafik wanda Nvidia ya fito da shi tun wajen 2006, shi ne abin da yawancin manhajoji suka fara goyon baya, kuma ROCm, takwaransa na AMD, duk da ci gaban da ya samu, yakan buƙaci ƙarin wahala wajen saitawa. Buɗe shafin manhajar da kake aiki da ita ka karanta jerin katunan da ta amince da su kafin komai. In wasa ne kawai, tazarar ta ragu: DLSS na Nvidia yana cikin wasanni da yawa, amma FSR na AMD da XeSS na Intel suna yin aiki irin nasa na ɗaga ingancin hoto, kuma abin dubawa shi ne wasannin da kake bugawa, ba jimillar wasannin duniya ba.

Shi kuwa Intel, wanda ya shigo da Arc a 2022, ƙaramin kasonsa yana tilasta masa sayar da araha: Arc B580 ya fito a Disambar 2024 a kan dala 249 da gigabait 12, ma'adanar da ba a saba gani a wannan farashi ba. Kafin ka saya, tabbatar babban allon cikin kwamfutarka, wanda ake soka katin a jikinsa, yana da saitin Resizable BAR a kunne, wato saitin da ke bai wa ƙwaƙwalwar kwamfuta damar isa ga dukkan ma'adanar katin, domin katunan Arc suna rasa ƙarfi sosai idan babu shi, kuma ka bincika yadda yake tafiyar da tsofaffin wasanni idan su ne abin sha'awarka.

Idan katin hannu za ka saya, nemi a kunna shi a gabanka ya yi aiki mai nauyi na aƙalla minti ashirin, kana kallon zafin ƙwaƙwalwa da na ma'adana, kana sauraron fanka, kana duba ko hoto yana tsattsagewa ko ɗige-ɗige na fitowa. Sabon kati ma yana buƙatar dubawa, musamman wanda ya fito a lokacin da ake gaggawar cika kantuna. A watan Fabrairun 2025 Nvidia ya amince cewa wani ƙaramin kaso na RTX 5090 da 5080 da 5070 Ti ya fita da ƙarancin sassan zana hoto da ake kira ROP. Sauke manhajar GPU-Z, kyauta ce, ka sanya direban katin, ka dubi gurbin ROP ɗin: RTX 5090 ya kamata ya nuna 176, RTX 5080 ya nuna 112, RTX 5070 Ti kuma 96. Idan ka ga 168 ko 104 ko 88, ɗauki hoton allon, ka haɗa da rasit, ka tuntuɓi kamfanin da ya haɗa katin domin a musanya maka tun garanti bai ƙare ba.